Bakina da Kajin Sa'adatu

Idan ka shiga Shagari ka ce Sa'a Mai Kaji kake nema, babu wanda zai tsaya tambayarka wace Sa'a. Ni kuwa da na girme ta, na goya ta, na share mata majina, je ka Bodinga inda nake aure ka ce Asabe kake nema, sai an tambaye ka Asaben wa. Ka ce yayar Sa'a Mai Kaji, nan take za a nuna maka ƙofar gidanmu. Abin nan yana ci mini rai, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ina son ta, ina kuma kishinta tun ba ta san hannunta na dama ba.

Mu biyu kaɗai Allah ya raya wa Inna. Mazan da aka haifa tsakanina da Sa'adatu duk sun koma tun suna goye, sai na tashi 'yar fari, ita ta tashi auta. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta wasa da ita, ba ta yabonta a gaban mutane. Ni "ke" ce idan ina kusa, "waccan" idan na yi nisa. Manya suna cewa kunya ce, wai a zuci an fi son na farin. Na ji, ban musa ba. Sai dai ni a tsakar gida na girma, ba a cikin zuciyar Inna ba, kuma abin da na gani a tsakar gidan shi ne Sa'a kwance a cinyarta ana yi mata kitso, ni an aike ni rijiya.

Kiwon kaji da ya ba ta suna, tare muka fara shi. Wata shekara goggonmu ta zo daga Dingyadi da 'yan tsaki biyu a cikin ƙwarya, ta ce kowa ta ɗauki ɗaya. Ni na fara zaɓa, na ɗauki babban. Bai ko gama fitar da fiffike ba shirwa ta sure shi a gabana ina wanke-wanke. Na Sa'a, wani ɗan tsurut da ko gashi babu a wuyansa, shi ya zama kaza, kazar ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka yi nasu. Kafin a yi mini aure ba a shimfiɗa tabarma a gidanmu sai an yi shara. Duk baƙuwar da ta shigo sai Inna ta gaya mata, "Autata hannun kiwo gare ta." Ba wanda ya taɓa zancen shirwa.

In za a bi gaskiya, ba hannu ba ne kaɗai, wahala ce. Sa'a takan cika tsohuwar tukunya da kara da kashin shanu, ta yayyafa ruwa, ta kife ta a bakin shuri, da safe ta ɗauko ta cike da gara ta zazzage wa tsaki. Takan sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta musu, don zabuwa ba ta iya reno ba. Lokacin sanyi tsakinta a ɗakinta suke kwana, cikin masaki, ƙarƙashin gado. Idan kaza ta yi rashin lafiya sai ta naɗe ta a zani a ƙirjinta kamar jaririya, ta kurɓi jiƙon maɗaci, ta buɗe bakin kazar da yatsa biyu, ta fesa mata da bakinta. Na sha gaya mata wannan ƙazanta ce. Sai ta yi dariya ta ce ai kazar ba ta yi ƙyamarta ba.

Aka kawo ni Bodinga gidan Malam Haliru, mai sayen albasa yana kaiwa kudu. Ban rasa komai ba, gidan siminti ne, 'ya'ya da jikoki sai godiya. Sa'a kuwa a nan Shagari aka aurar da ita ga Isma'il tela, suka sami ɗiya ɗaya, Juwairiyya, sannan ciwon ciki ya ɗauke shi da ƙuruciyarsa. Ba a daɗe ba Baba ya bi shi. Sai ta tattara kajinta ta koma gidanmu wurin Inna, manema suka yi ta zuwa tana sallamarsu. Da ƙwai da zabi ta riƙe gidan, da su ta yi wa Juwairiyya kayan ɗaki. Mai jego da ke son kazar farfesu, mai baƙo da ya sauka ba shiri, malamin da ya ce a nemo farin zakara don sadaka, duk ƙofarta suke zuwa. Mace ta rasa miji tana yarinya, amma ko a nan sai da na ji wani abu ya soke ni, don takabar tata ce ta mayar da ita ɗakin Inna, ni kuma aurena mai daɗi ya bar ni a bakin titi ina jiran motar Shagari.

Abu ɗaya nake so a duniya, ban kuma taɓa ɓoye shi ba: Inna ta dawo gidana da zama. Ina so in dama mata fura da hannuna, in wanke mata kaya, mutanen Bodinga su shigo su gaishe ta su san ni ma ina da uwa. Na matsa wa Malam har ya gina mata ɗaki a gefen nawa, da bayinta a ciki, da katifa sabuwa. Duk sallah in na je gaisuwa sai na tayar da maganar.

"In nit tahi, wa za shi ba kaji ruwa?" in ji ta, tana duban gefe.

"Inna, mai kajin tana nan da ƙahwahunta biyu."

"To, mu ga bayan damana."

Bayan damana sai ta ce bayan kaka, bayan kaka sai ta ce bayan azumi. Ɗakin ya yi ta zama a rufe har Malam ya fara jibga buhunan albasa a ciki. Ranar da na gani da kaina na jawo su waje, muka kwana biyu ba ma magana.

Bara waccan, ana cikin cire albasa, wata mota ta riƙa zagaya kasuwanni da jajayen kajin gidan gona, manya-manya, ana sayar da su kamar kyauta. Matan unguwarmu suka yi rububi. Ba a yi nisa ba kajin gidajen da suka saya suka fara faɗuwa, na gida da baƙin gaba ɗaya. A kwanakin ne na kai jikata allurar rigakafi, muka tarar malamar asibitin, wata mai suna Safinatu, ta tara mata tana yi musu bayani. Ta ce akwai murar da ke kama dabbobi, aladu da tsuntsaye, kuma takan tsallako ta kama mutum. Tana ambaton alade wurin ya kaure da dariya.

"Malama, mu ina munka ga alade? Ki kai ma masu ci," in ji wata daga baya.

"Ku bar batun alade," ta ce. "Kaza ni ka nuhi, da zabo, da agwagwa. Wadda kunka ga tana layi, ko kanta ya kumbura, kada a rungume ta, kada a yanka, kada a hige. A gina rami a ruhe ta, a gaya ma malaman dabbobi."

Wata tsohuwa ta riƙe haɓa. "A bar halal ta zama mushe muna kallo?"

"Yanka shina halatta nama, Iya, amma ba shi hidda cutar da ke ga jini da majina da gashi. Mai riƙewa da mai higa su ta ka hwara kamawa."

Matan suka watse suna gunaguni, wai boko ya zo har akurki. Ni kuwa da ta ce mai riƙewa, Sa'a na gani da kaza a ƙirji tana fesa mata ruwa baki da baki, tsoro ya kama ni. Bayan tsoron kuma sai na ji wani ɗan daɗi, don tunda muke ban taɓa sanin wani abu game da kaji da ita ba ta sani ba. Da tsoron da daɗin na shiga motar Shagari washegari.

Ina yin sallama na ga abin da nake gudu. Jajayen kajin nan ne a tsakar gida, suna cin dusa a kasko ɗaya da nata, ga zabi, ga tsaki, ba wurin sa ƙafa. Sa'a tana tsaye a tsakiyarsu da ƙwarya tana murmushi, Inna tana bakin ɗakinta da carbi. Ko mayafi ban cire ba na ce, "Wanga tarin kaji haka, Sa'a, ga baƙi kin zuba ciki? Wallahi in cutag ga ta shigo, ko guda ba ta bari."

A wurinmu ba a ganin dukiyar mutum, ko ɗansa, ko garkensa, a yi maganar yawansa ba a fara da tubarkalla ba. Yaro ma ya san haka. Wanda ya tsallake kalmar, in wani abu ya sami dukiyar daga baya, bakinsa ne ya kama. Ni ban tsallake ta da gangan ba, gaggawa ce ta sha kaina, amma wa zai yarda? Duk dangi sun san yadda nake kallon kajin Sa'a.

Inna ba ta dube ni ba. Ta ce, "Auta, gaya ma waccan ta ce tubarkalla."

Na ce tubarkalla, fuskata a murtuke. Sannan na zauna na zayyana musu duk abin da Malama Safinatu ta faɗa, ban rage komai ba. Inna ta bari na gama.

"Na ji ta ga rediyo," ta ce. "Murar aladu anka ce. Mu nan mi ag gare mu in ba halal ba? Mai cin ƙazanta shi ta ka bi."

Sa'a ta dafa kafaɗata tana dariya. "Adda, yaushe kinka zama likitan kaji? Ke da ɗan tsako guda yab buwaye ki."

Da wasa ta faɗa, na sani, amma har ƙashina na ji ta. Na tashi ban ci abincin da ta zubo mini ba, na tafi tasha raina a ɓace.

Mako bai zagayo ba kaji suka fara mutuwa a Shagari. Saƙon farko da ya iso mini ta bakin wata 'yar unguwarmu ne da ta je biki can: Inna ta ce kada in sake taka gidan sai abin ya lafa, bakina ya kama. An karɓo rubutu an zuba a ruwan kaji, an turara akurki da turaren maganin baki, an rataya laya a ƙofarsa. Malaman dabbobi kuwa ba wanda ya yi tunanin kiransu, tunda a ganinsu an riga an san mai laifi. Na yi kuka ranar, kukan haushi. Da Sa'a ce ta shigo gidana ta ce kada in taɓa abu kaza, da Inna ta ce autarta mai hangen nesa ce.

Sai ga wayar Sa'a da rana tsaka, muryarta a shaƙe.

"Adda, ki kwantar da hankalinki. Ni ban ce bakinki na ba. Ko da shi na, na yahe."

Wannan yafiyar ta fi zagi ƙona mini rai, don ban yi abin da za a yafe mini ba. Kafin in sami bakin magana ta ci gaba, da alfahari ma.

"Alhamdu lillahi, ko guda ba ta zama mushe ba. Da nig ga tana layi sai in sungume ta in ruga wurin Malam Ɗantani."

Malam Ɗantani shi ne ladanin masallacin da ke jikin gidanmu. Gidan ba namiji, mata kuma a wurinmu ba sa yanka, don haka duk kazar da ta fara tangaɗi sai Sa'a ta rungume ta ta fita da gudu, ta riƙe masa fiffike da ƙafa ya sa wuƙa kafin rai ya fita. Ta ce har ya daina mayar da wuƙar kube. Ita ke figa, ita ke gyarawa, ta raba wa maƙwabta sadaka, saura ta soya. Waɗanda ba su yi nisa ba kuma tana nan tana fesa musu maɗaci.

Na ɗaga murya har jikokina suka leƙo. Na ce ta bar taɓa su, ta bar su su mutu, ta haƙa rami. Ta ce, "Haba Adda, abin da nir rena da hannuna in bar shi shi mutu banza, ko bisimilla babu?" Tari ya sarƙe ta, ta ce sanyi ne, ta kashe wayar. Da la'asar wani direba ya kawo mini kwano cike da soyayyen nama, wai in ji ƙanwata. Na kai shi bayan gida na binne, ina yi ina zage-zage, ƙamshinsa kuwa har maƙwabta.

Ba a rufa kwana uku ba Malam Ɗantani ya kira maigidana. Ya ce shi ma idonsa ya yi ja, jikinsa ba daɗi, amma Sa'adatu ce abin ya yi wa yawa, tun jiya ba ta fita ba. Ban tsaya neman izinin Inna ba. Malam Haliru ya ɗauki shatar mota muka tafi.

Tsakar gidan nan da ba wurin sa ƙafa, gashin kaji ne ko'ina, iska na wasa da shi. 'Yan kajin da suka rage sun takure a gindin bango. A ɗaki na sami Inna zaune, kan Sa'a a cinyarta, tana yi mata tofi. Numfashin Sa'a kamar ana jan zarto. Inna ta ɗaga hannu ta tare ni.

"Ke, tsaya nan. Abin da kinka yi ya isa."

Ban taɓa ƙetare maganarta ba sai ranar. Na ɗaure hancina da bakina da gefen mayafi, na shiga na ɗago Sa'a, jikinta zafi kamar garwashi. Inna ta riƙe zanin Sa'a, na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ina jin tana cewa za a kai mata ɗiya a kashe. Muka sa Sa'a a mota.

A asibiti likitan ya fara rubuta maganin zazzaɓi, na ce masa ya dakata. Na gaya masa zancen jajayen kajin, da figar, da fesa ruwa baki da baki. Ya ajiye biro ya dube ni, ya sa aka kawo takunkumi, aka ware ta ɗaki ita kaɗai. Kafin yamma an wuce da ita Sakkwato. Can suka ɗebi majinarta suka aika gwaji, suka ce duk alamu na murar tsuntsaye ne, kuma ta riga ta sauka ƙirji. Washegari malaman dabbobi suka je Shagari cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Suka kashe abin da ya rage, har na maƙwabta, suka binne a rami ɗaya, suka yi wa gidan feshi. Aka duba Malam Ɗantani, nasa da sauƙi. Aka duba Inna, ba ta da komai, amma suka ce ba za ta kwana a gidan ba, kuma a sa mata ido. Juwairiyya tana aure nesa, ga tsohon ciki. Babu inda za a kai Inna sai Bodinga.

Haka ta shigo ɗakin da na gina mata, da ƙunshin kayanta a hannu, ba ta ko dubi katifar ba. Na zage na yi abin da na daɗe ina mafarki. Na dama mata fura da nonon da na aika aka sayo tun daga ruga, na yi mata tuwon gero da miyar kuka da man shanu, na dafa mata ruwan wanka, na yanke mata farce. Ta kurɓi furar ta ajiye ludayi.

"Auta ba hakanga ta ka damawa ba."

Yini take a bakin ƙofar ɗakin, kunnenta a kan wayata. Da ta yi ƙara sai ta miƙe zaune. Maganarta da ni ba ta wuce, "An kira?" Matan unguwa suka yi ta shigowa gaishe ta yadda na so, amma duk wadda ta zauna labarin Sa'a za ta sha, tun daga ɗan tsako mai wuya ba gashi. Malama Safinatu ta riƙa zuwa auna zafin jikinta. Wata rana ta ce mata, "Inna, ki gode ma Allah da yab ba ki Asabe. Da ba ta gaya ma likita zancen kajin ba, da wani labari a kai yanzu." Na yi kamar ina shara, ina kasa kunne. Inna ta ja carbinta ta ce, "Allah shi ka rayawa." Daga nan ba ta ƙara ba, ba ta kuma sake tayar da zancen bakina ba, ko don ta janye ko don tana cin tuwona, ban sani ba.

Kullum da hantsi nakan bar ta da matar ɗana in hau motar Sakkwato da kwanon kunu. Ba a barin kowa ya shiga, ta taga nake hango Sa'a da robar iska a hanci, ta zama kamar ba ita ba. A bakin tagar nan na roƙi Allah ya tashe ta, da dukan zuciyata, don ƙanwata ce, ni na goya ta. Akwai kuma wani dalilin. Na san idan ta mutu a wannan ciwon, Inna za ta zauna gidana har ƙarshen ranta tana kuka da sunanta, kuma ba yadda mai rai zai yi takara da wanda ke kabari. Ranar da aka cire robar ta ɗago hannu ta yi mini alama, abin da ta fara tambayar ma'aikaciyar jinya shi ne ko zabinta sun tsira. Ni aka bar wa faɗa mata. Ta juya fuska bango, ta daɗe ba ta juyo ba.

Da aka sallame ta gidana na kawo ta. Inna ta rungume ta a zaure tana shafa fuskarta tana kiran sunanta, ni ina tsaye a baya da jaka da bokiti. Suka koma ɗaki ɗaya, katifa ɗaya. In na kai abinci sai in ji suna hira ƙasa-ƙasa suna dariya, ina shiga su yi shiru. Duk da haka kwanakin nan sun yi mini daɗi, don su biyun suna ƙarƙashin rufina, kuma daga tukunyata suke ci.

Da ta ɗan yi ƙwari ta ce za ta koma Shagari. Na ce ta ƙara ko wata ɗaya, ta ƙi, wai gida ba ya son a bar shi a rufe. Ranar tafiyar, mota na jira a waje, na shiga ɗakin na tarar Inna ta riga ta ɗaure ƙunshinta, ta yafa mayafi, ta sa takalmi. Ba ta ce mini za ta tafi ba, ba ta kuma ga abin faɗa a ciki ba. Na tsaya a bakin ƙofa. Na yi niyyar in roƙe ta, sai na ga na gaji da roƙo.

Sa'a ce ta dube ni, ta dubi ƙunshin.

"Inna, ina za ki da kaya?"

"Gida mana."

"A'a, ki kwance su. Ni yanzu ko guga ban iya ja, bale in yi maki hidima. Juwairiyya ta haihu, za ta zo da jinjirin ta zamna da ni. Ki zamna nan wurin Adda. Ta daɗe tana roƙo, kuma ta wahala da mu."

Inna ta dube ta. "Haka kinka ce?"

"Haka nic ce."

Sai ta cire takalmin, ta zauna a bakin katifa, ta fara kwance ƙullin da haƙori don ya ɗaure da yawa. Abin da na yi shekara da shekaru ina nema da gwiwa a ƙasa, da ɗaki, da fura, da ɓamɓare yatsu, Sa'a ta yi shi da magana biyu tana tari. Ta juyo ta yi mini murmushi irin na wanda ya yi kyauta. Na ce mata na gode, don ba wani abin da zan ce, na ɗauki jakarta na raka ta mota.

Yanzu ta sake kiwo, da kaza ɗaya da Malam Ɗantani ya ba ta. Ta yi musu akurki a can ƙarshen gida, ba mai kwana a ɗaki. Ba ta sayen baƙuwar kaza ta haɗa da nata sai ta ware ta ta ga lafiyarta, wadda kuma ta fara layi rami take haƙa mata, ko da matan unguwa za su ce ta yi asarar halal. Idan suka tambaye ta inda ta koyo, sai ta ce likitocin Sakkwato ne suka gaya mata. Ƙirjinta bai koma daidai ba, amma tana jan guga.

Inna tana gidana har yau. Ta saba da furata, ko dai ta daina faɗa. Matan Bodinga suna shigowa gaishe ta, wasu har suna cewa na yi dace da uwa. Idan wata ta tambaye ta yaushe za ta koma Shagari, sai ta ce, "Sai auta ta ce." Shi ya sa duk ranar da Sa'a ta kira na miƙa wa Inna wayar, ba na komawa kan aikina. Nakan tsaya a bayan labule da ludayi a hannu, ina sauraron ko yau ne za ta ce.